Maɗiga

Ni ne Tasi'u, mai gyaran waya a Fam Santa.
Hannuna kan kama zaren da ya fi gashi siranta,
in ɗiga masa dalma bai karkace ba.
Amma ranar da ungozoma ta miƙo min ke a Asibitin Murtala
sai na tura hannuwan aljihu,
na ce, "A ba kakarta."
Kakarki kuwa shekara biyu tana kwance a Ɗandolo,
bakina ne bai gama yarda ba.

An yi wa Sa'ade aiki, an ɗinke.
Ba gidan da za ta tafi wanka.
Ƙanwata ta kwana bakwai, washegarin suna ta ɗau jaka,
jarrabawa na jiranta.
Muka rage mu uku a ɗaki guda a Ɗorayi,
mu da fankar da ke zaman jiran wuta.

Ban taɓa ganin Baba riƙe da jariri ba.
Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ya faɗa,
"kai yaron nan" nake har ya koma ga Allah.
Ya yi huɗuba, ya yanka rago, ya ajiye buhu,
a wurinsa magana ta ƙare.
Ban ce bai so ni ba.
An ce daren da ƙyanda ta kama ni a tsaye ya kwana,
can a zaure, inda ba mai ganin idonsa.

Ƙarfe biyun dare kika tsala kuka.
Sa'ade ta yunƙura, ɗinki ya ce koma.
Ta ce, "Tallafo kan. A'a, ba haka ba.
Tafi guda a ƙeya."
Sai ga maɗigarki tana harbawa kusa da haɓata,
kamar wani na ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki.

Kuɗin famfas ya fi ƙarfin ciniki, muka koma tsumma.
Ina shanya, Ɗanliti ya hango ni ta saman katanga.
Labari ya riga ni isa majalisa:
"Ga mai jego nan! A dama masa kunun kanwa."
Na taya su dariya, shayin ya ƙi wucewa.
Sati guda ina shanya kafin kiran assalatu,
ina sanɗa kamar wanda ya saci kayan 'yarsa.

Maigidana a shago ya dubi agogo, ya dube ni:
"Kai ka haihu, ko ita?
Mai waya ba ya jira, shagon gaba zai tsallaka."
Gaskiya ya faɗa.
Duk safiyar da na ba ki, daga tukunya aka cire ta.

Ranar riga-kafi benci duk mayafai ne.
Mai gadi ya ce maza waje.
Wata sista mai furfura ta leƙo, ta ga yadda na rungume ki,
ta ce, "Bar shi, wannan ya san nauyinta."
Da allura ta shiga, ni na runtse ido.

Jiya bayan isha aka yi sallama.
Ɗanliti ne, hula a hannu, ido ja,
tagwayensa kwana goma sha ɗaya.
Ya yi zancen tsadar mai, ya yi zancen ƙwallo,
har ya juya, sannan ya ce ƙasa-ƙasa,
"Wai yaya kake yi ta yi gyatsa?"
Na ɗora ki a kafaɗa, na nuna masa.
Ban ambaci kunun kanwa ba, ko da yake ya zo min baki.

An ce maɗiga rufewa take, a hankali, ba sanarwa.
Yi barcinki, Nusaiba.
Kafin ta rufe, ina so ta san hannun nan
mai ƙaurin dalma.